Hular Shamuwa

Ranar Laraba ba a komawa lakwal, wato makarantar boko, da yamma, shi ya sa Dirakta ya zaɓe ta don fita kallon tsuntsaye. Muna idar da sallar la'asar muka jera yara a bakin kilas, kowa da gorar ruwansa a rataye, muka kama hanyar tabki.

Sunana Mas'uda. A lokacin ina koyar da 'yan aji uku a lakwal ɗin Gidan Tamu, wani ɗan ƙauye a karkarar Yekuwa. Mu biyu ne kaɗai malamai, ni da Dirakta, wato shugaban makarantar, Mushe Abdulwahabu. Mushe kalmar Faransanci ce, haka ake kiran malami namiji a lakwal. Mutum ne mai fara'a da iya magana, in ya gaishe ka sai ka ji kamar kyauta ya ba ka. Ba zan ɓoye ba, a da ina ganin girmansa ƙwarai. Yanzu ko sunansa na ambata sai bakina ya yi ɗaci.

Wasu mutanen furoje ne, irin ƙungiyoyin nan na raya karkara, suka zo daga Damagaram suka bar mana jumel, wato madubin nan na hangen nesa, da wani littafi mai hotunan tsuntsaye. Suka ce a koya wa yara son abin da ke tashi sama, su daina bin sa da danƙo. Dirakta ya karɓi abin hannu bibbiyu. Shi ya ƙirƙiro wasan huluna. Kowane yaro aka ba shi tsuntsunsa, aka yanka masa hula da kwalin sabulu, aka fitar da kai da baki, aka shafa launi. In mun fita daji ba mai kiran wani da sunan yanka. Sai Balbela, sai Hankaka, sai Zalɓe, sai Cilakowa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya faɗi sunan gaskiya, shi ke da sharar kilas washegari.

"A can ku ba mutane ba ne," haka Dirakta ke gaya musu kullum. "Ku tsuntsaye ne. Tsuntsu ba ya gudun ɗan'uwansa. Ku duƙa, ku yi shiru, za su zo har gabanku."

Cikin yaran akwai Hinda, ɗiyar yayata. Uwarta ta rasu tana shan nono, aka miƙo mini ita tun ina budurwa, kuma har yau Allah bai ba ni wata ba. A gida Inna take ce mini, a lakwal Madam, ba ta taɓa haɗa biyun ba ko da mantuwa. Yarinya ce mai surutu kamar an kunna rediyo, ga giɓi a baki inda haƙoran gaba suka faɗi. Ita ta samu shamuwa. Da gawayi da alli ta shafe hularta, baƙi da fari, ta ƙi yarda in taya ta.

Hisham kuwa, ɗan Dirakta, dinya ya zaɓa, babbar agwagwar ruwan nan, don ita ce mafi girma a tabkin. Ubansa da kansa ya yi masa hular, da fenti na gaske, har ya lilliƙa mata gashin tsuntsu. Duk ajin ba hular da ta kama ƙafarta, kuma yaron ya san da haka.

Muna tafe cikin gonaki, an yanke gero an jibge dammuna, sai kara a tsaye da wake yana yaɗo a ƙasa. Hisham na gaba yana ta ɗaga kai don a ga gashin hularsa. Hinda ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Dinya, kana ta taƙama," ta ce, "alhali duk cikinmu kai kaɗai ne na miya."

Yara suka kwashe da dariya.

"Ke fa? Dogayen ƙafafu kamar sillen kara!"

"Ni ba mai taɓa ni. Ni ke kawo ruwa. Ko ba haka ba, Mushe?"

Dirakta ya yi murmushi ya shafa kanta. "Gaskiyar Shamuwa ne. Babana maharbi ne, ya kashe abin da ba ya ƙirguwa a dajin nan, amma bai taɓa ɗaga baka ya nuna shamuwa ba. Baƙuwa ce, ita ke zuwa da albishirin damina. Duk maharbin da ya san kansa ba ya taɓa ta."

Hinda ta yi wa Hisham gwalo ta cikin giɓinta. Na harare ta, ta ɓoye bayan wata ƙawarta tana dariya.

Tabkin a cike yake fal, ruwan bana ya yi kyau. Gamba ta kewaye shi, tsawonta ya shanye yaro. Warin laka da kashin shanu ya tare mu tun daga nesa. Kirinjijiya na ta fito a tsakiyar ruwa, zakaran ƙeƙuwa na masifarsa a gefe, balbelu sun yi fari fat a kan wata ƙaya. Can ƙetare, a kan wata tsohuwar kuka, shamuwa sun taru jingim. Su muka zo gani. Dirakta ya ce sauran 'yan kwanaki su yi kudu, sai kuma baɗi in hadari ya fara haɗuwa.

Muka kwantar da yaran rub-da-ciki a jere cikin ciyawa, fuskarsu ga ruwa. Ni ina wannan ƙarshen tare da ƙanana, Dirakta yana wancan. Hinda ta roƙi a bar ta ta koma wajensa, wai daga can aka fi ganin 'yan'uwanta. Na ce ta je. Ta kwanta tsakanin Dirakta da Hisham, jumel a ido, ƙafafu na rawa a sama.

Abin ya yi daɗi, wallahi. Wani ɗan zalɓe ya sauka kusa da mu har muna ganin ƙwayar idonsa. Yara suka danne numfashi, wasu na toshe baki kada dariya ta kufce. Ba mu ankara ba rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwa. Na tuna iyaye mata sun ja mana kunne mu maido musu 'ya'ya kafin magariba. Na rarrafa ta bayan yaran na iske Dirakta.

"Mushe, rana ta yi. Mu tashi."

"Ɗan dakata, Madam. Yanzu ne dinya ke sauka."

A nan ne kwaɗi suka yi shiru.

Ba a hankali ba. Lokaci guda, kamar an rufe tukunya. Kirinjijiya ta daina fito. Zakaran ƙeƙuwa, wanda ko inuwa ya gani sai ya tara wa mutum jama'a, ya yi gum. Iska ta tsaya. Ina jin ƙarar sauro guda ɗaya a kunnena.

"Mushe," Hinda ta raɗa, "wancan wane tsuntsu ne? Ba ya cikin littafi."

Ta nuna bakin ruwa, ta gefen hagu. Wani baƙin kai ne ke leƙowa ta saman gamba, mai dogon wuya da ƙaton baki, da ja a maƙogwaro. Ya sunkuya kamar yana kiwo, ya ɗago, ya matso. Ya sake sunkuyawa.

"Burtu!" in ji Dirakta cikin murna. "Rabona da ganin burtu a ƙasar nan tun ina yaro. In mutanen furoje suka ga wannan..."

Ya zaro waya zai ɗauki hoto. Sai na ga hannun ya tsaya a sama. Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Lafiya, Mushe?"

"Burtu ba ya yawo shi kaɗai," ya ce a hankali. "Kuma dubi. Yana sara, amma bakin ba ya buɗewa."

Na karɓi jumel daga hannun Hinda na sa a ido. Kan ya matso gabana kamar in taɓa shi. Itace ne. An sassaƙa shi, an lulluɓe da tsohuwar fata, ga ɗinkin nan a wuya. Idanun 'ya'yan idon zakara ne, jajaye, an manna su da ƙaro. Kowa a ƙasar Hausa ya san wannan abin ko a labari. Shi maharba ke ɗaurawa a goshi, su rufa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna kwaikwayon burtu har su isa kusa da nama.

Sai na ji sanyi a raina. "Ai mutum ne. Maharbi ne. Yi masa magana kada ya harbo mu."

"Dubi bayan kan," in ji Dirakta.

Na duba. Baƙin zanen ya bi ciyawa ya yi baya. Ya yi ta tafiya. Na bi shi da jumel har bakin ruwa, bai ƙare ba. Kan yana tudu, sauran jikin bai gama fitowa daga tabki ba.



Can ƙarshen layi wani ƙaramin yaro, Husaini, ya fara shessheƙa. Na koma da rarrafe na rungume shi na toshe masa baki da tafin hannuna. Da na san abin da zai biyo baya, da ban matsa daga gefen Hinda ba ko da taku ɗaya.

Dirakta ya ɗaga murya. "Salamu alaikum! Bawan Allah, mutane ne a nan! Yaran lakwal ne!"

Kan ya tsaya cak. Ya juyo a hankali. Ina jin fatar wuyan tana ƙara kamar tsohon takalmi.

Muryar ba daga kan ta fito ba. Daga ƙarƙashin zanen ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana cikin tulu.

"Ban ga mutum ba."

Kan ya bi layin yaran da kallo.

"Tsuntsaye na gani."

Na yunƙura in tashi in kwashi yara mu gudu. Ƙafafuna suka ƙi. Daga ƙugu zuwa ƙasa kamar ba nawa ba. Na ga yara suna ta mutsu-mutsu da hannuwa, ba wanda ya iya ɗaga gwiwa.

"Ya ɗaure mu," na ji Dirakta ya ce. "Haka suke ɗaure nama."

Na kama Ayatul Kursiyyu. Harshena ya yi nauyi, ina kai tsakiya sai in tsinci kaina a farko.

Ta gefena ya fara.

Warin ne ya riga shi isowa. Warin tsohuwar fata da ta sha ruwa, da hayaƙi, da wani ɗaci mai kama maƙogwaro. Ciyawa na darewa a gabansa ba tare da ƙara ba. Ya wuce ni kamar kututture. Ya tsaya kan Husaini da ke ƙirjina. Bakin itacen ya taɓa hular kwalin, ƙwas.

"Hankaka. Ba a ci."

Ya matsa.

"Balbela. Ba a ci."

Ya matsa.

"Zalɓe. Ƙarni."

Fitsari ya jiƙa mini zane, ban san ko na Husaini ne ko nawa ba. Kan yana bin layi, ɗaya bayan ɗaya, zanen yana ja a bayansa kamar ba zai ƙare ba. A lokacin ne maganar da Hinda ta yi a hanya ta faɗo mini. Duk cikinsu mutum ɗaya ne na miya.

Dirakta ma ya tuna. Na ga ya fizge hular dinya daga kan ɗansa ya tura ta ƙarƙashin ciyawa.

Kan ya iso. Ya tsaya a kan Hisham. Yaron ya cusa fuska cikin laka.

"Na ga dinya a nan."

"Babu," in ji Dirakta. "Wallahi babu. Yaro ne. Ɗana ne."

"Ta fige gashinta ne." Kan ya karkata gefe. "Na ga nama. Ba na komawa haka."

Wani abu ya motsa ƙarƙashin zanen. Na ji ƙarar itace yana lanƙwasa. Baka ne ake ja.

Abin da ya faru daga nan da idona na gan shi, ba labari aka ba ni ba. Rana ba ta gama faɗuwa ba, akwai sauran haske.

Dirakta ya miƙa hannu ya cire hular shamuwa daga kan Hinda. Ya kifa ta a kan ɗansa.

"Mushe, tawa ce," in ji Hinda, muryarta 'yar ƙarama.

Kan ya sunkuya ya taɓa gawayin da allin.

"Shamuwa. Baƙuwar ruwa. Ba a taɓa ki."

Amma bai tafi ba. Ya ɗago yana waige-waige, hagu da dama. Bakan yana nan a ja.

"Ina dinyata?"

Dirakta ya lalubo hular daga cikin ciyawa. Ya riƙe ta.  Shi ma yana da kai. Kansa a buɗe yake, hular za ta zauna masa daram. Ban sani ba ko da abin zai karɓa, wannan sai Allah. Abin da na sani, bai gwada ba.

Ya juya ga Hinda. Da muryar nan tasa mai daɗi, wadda yake yabon yaro da ita in ya ci lissafi, ya ce:

"Aro ne, ɗiyata. Riƙe wa Hisham tasa."

Ya ɗora mata.

Hular ta yi mata yawa. Ta sa hannu biyu ta dafe kada ta faɗi.

"Hinda!" Na ƙwalla ihu har maƙogwarona ya tsage. "Cire! Jefar da ita!"

Ta dube ni. Ta dubi Dirakta. Yarinya ce da aka koya wa jin maganar manya, ga manya biyu kowa da tasa.

Na saki Husaini. Na kafa gwiwar hannu a laka na ja jikina. Ƙafafuna na biye da ni kamar buhu. Ƙaya ta shiga tafina. Na ja. Na wuce Balbela. Na wuce Zalɓe.

"Cire, Hinda!"

Ta fara ɗaga hannu.

Yatsuna suka taɓa diddigenta.

Tsirkiya ta yi ƙara. Tas.

Ban ga kibiya ba. Hinda ta yi ajiyar zuciya kawai, irin ta yaron da barci ya ɗauka, kanta ya kwanta a ciyawa.

Hannu ya fito daga ƙarƙashin zanen. Dogo, busasshe, baƙi ƙirin. Ya shiga tsakanin kafaɗun Hinda kamar mai ɗebo abu a ƙwarya. Ya fito riƙe da dinya ta ƙafafu, kanta a ƙasa, tana bugun fukafukai.

Dinyar ta buɗe baki.

"Inna!"

Ba Madam ta ce ba.

Na yi tsalle da rabin jikin da ya rage mini na cafke fiffike ɗaya. Da ɗumi. Ina jin zuciyarta na bugawa ta cikin gashin. Abin ya juya ya nufi ruwa, ya ja mu tare. Laka ta cika mini baki. Ruwa ya kai ƙirjina. Ya kai wuyana.

"Inna! Inna!"

"Ina nan! Ban sake ki ba!"

Kan ya waiwayo. Jajayen idanun suka zo dab da nawa. Ɗaya hannun ya fito ya kama wuyan hannuna na dama. Sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi.

"Ke wace tsuntsuwa ce?"

Yatsuna suka buɗe da kansu.

Can cikin gari ladan ya ɗaga murya. Shamuwan da ke kan kuka suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi baƙi da su. Kan itacen ya nutse a hankali, bakin ne ƙarshen shiga. Ruwan ya rufe, ko kumfa babu.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Ban san yadda na fito ba. Na dai tsinci kaina a tudu ina aman ruwa, ƙafafuna sun dawo. Yara sun watse cikin gonaki suna kururuwa. Dirakta ya saɓa ɗansa a kafaɗa yana gudu, hular shamuwa na kan yaron har lokacin. Ko waiwaye bai yi ba.

Hinda na kwance inda take. Tana numfashi, idanunta a buɗe, babu jini, babu rauni. Na cire mata hular na yayyaga ta da haƙori. Na goya ta da ɗankwalina kamar yadda na saba tun tana jinjira. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Duk hanya ina yi mata magana, ina ce mata mun kusa, ga hasken gida can. Ba ta amsa ba.

Malamai suka yi tofi, aka yi rubutu aka ɗura mata, ya dawo ta gefen baki. Da safe aka ɗauko likita a kan babur, ya duba ido, ya duba ƙirji, ya ce shi bai ga ciwo ba. Da hantsi sai wani ƙauri ya cika garin, ƙaurin gashin tsuntsu a wuta. Mata suka firfito suna tambayar wa ke babbaka. Ba gidan da aka yi yanka. Ina riƙe da hannunta ƙaurin ya shigo ɗakin, kuma kafin ya wuce numfashinta ya tsaya.

Dirakta ya zo gaisuwa da farar riga. Ya zauna cikin maza ya yi ta share ido, ya ce ƙaddara ce, zazzaɓi ne mai hawa kai ya kama yarinyar a bakin ruwa, sauran kuma tsoro ne irin na yara da almuru. Da na fito na faɗi abin da ya yi a gaban kowa, sai aka kama ni aka maida ɗaki. Aka ce baƙin ciki ya taɓa ni, a yi mini uzuri. Yaran da suka gani iyayensu suka hana su buɗe baki, kowa na tsoron kada a ambaci abin ya biyo shi gida. Mutumin ya ci gaba da jan sallah in liman ba ya nan. Na tsane shi, kuma ban taɓa neman tsari daga wannan tsanar ba.

Hannuna na dama bai sake motsi ba. Da hagu na koyi riƙe alli.

Hisham bai yi laifin komai ba, yaro ne, kuma har ga Allah na tausaya masa. Ubansa ya ƙone hular shamuwar a daren, amma yaron bai koma daidai ba. Ya daina cin tuwo. Sai a gan shi a bayan gari shi kaɗai yana kama fara yana haɗiyewa ɗanya. In an yi masa magana sai ya karkata kai ya dubi mutum da ido ɗaya. Da yamma yakan tsaya a tsakar gida ya zuba wa kudu ido har duhu ya rufa. Dirakta ya fi kowa sanin abin da ke tafe, shi ya koya mana shi a bakin tabki. Ya sa aka ƙara wa ƙofa sakata, ya riƙa kwana a bakinta.

Ranar da aka wayi gari babu shamuwa ko ɗaya a kan itatuwan Gidan Tamu, aka iske tabarmar Hisham ba kowa. Sakata na nan a kulle ta ciki. An neme shi har Magariya, har Dungas, har ƙetaren iyaka. Ko takalmansa ba a rasa ba, suna nan a bakin ƙofa inda ya tuɓe su.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, shamuwa suka dawo. Kowace ta nufi itacen da ta saba. Guda ɗaya ta ware, ta sauka kan darbejiyar da ke tsakar gidan Dirakta, inda shamuwa ba ta taɓa yin sheƙa ba. Ba ta da abokin zama, ba ta ƙwai. Tana tsaye kawai tana kallon ƙofar ɗaki. Tun daga shekarar haka take yi. Sau biyu ana ba shi canjin wurin aiki zuwa birni yana ƙi. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Duk damina yana ƙarƙashin itacen nan da kwanon ruwa da farar da ya kamo da hannunsa, yana kiran tsuntsuwar da sunan yankan ɗansa. Mutane na wucewa suna girgiza kai, suna cewa bawan Allah, jarrabawa ta same shi.

Ba mu sake fita kallon tsuntsaye ba. Jumel ɗin na cikin akwati a ofis, kuma ba yaron da ya ƙara tambayar sa.

Bana, ranar da shamuwa suka sauka, na fito daga maƙabarta na ci karo da shi a hanya, kwanonsa a hannu. Shekara da shekaru ba ma magana sai ta aiki. Ya tsaya ya sunkuyar da kai.

"Madam," ya ce, "ki yafe mini hakanan. Dukanmu mun yi rashi."

Na dubi kwanon, na dubi darbejiyar da ke leƙowa ta saman katangarsa, da baƙin tsuntsun da ke tsaye a kanta yana jiran sa.

"Naka yana dawowa da damina, Mushe," na ce masa.

Na raɓa shi na wuce gida.